Ranar da Mai Rediyo Ya Auna Kunnen 'Yarsa

Shagon Mai Rediyo yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, daf da inda motocin haya ke sauke mutane. A baki ne ake ce masa shago. In ya buɗe hannuwansa biyu, yana taɓa bangon hagu da na dama a lokaci guda. Akwai tebur mai ƙonannen gefe inda yake aje ƙarfen like, da gwangwanayen madara cike da ƙananan noti, da rediyoyin da masu su suka kawo suka manta da su, jere har rufi. Shekara talatin ke nan yana zama a kan kujera ɗaya a wurin.

Mutumin yana da hannu, wannan ba a musu. Matsalar ita ce shi ma ya san da haka. Bai taɓa kai wa wani mai gyara aiki ya ce duba mini ba, kuma in mai kaya ya fara yi masa bayanin abin da yake zaton ya lalace, sai ya ɗaga masa hannu ya ce, in ka sani me ya kawo ka? Yana da yadda yake fara aiki da ba ya canzawa. Kafin ya taɓa komai a cikin rediyon da ya daina magana, sai ya ɗauki batir ɗaya da guntayen waya biyu ya taɓa wa sifika. In ta ce ƙwas, sai ya gyaɗa kai ya ce sifika lafiya lau, ya wuce gaba.

Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga a ɗakinsu na hawa na biyu, tafiyar minti goma daga shagon. Shekara shida suka yi kafin su ga haihuwa, kuma daga 'ya ɗaya ba a ƙara ba. Yarinyar kuwa ta rama musu shirun shekara shidan nan har da ƙari. Tun tana shekara biyu bakinta ya buɗe, bai sake rufuwa ba sai in barci ya sace ta. Masu kawo ɗinki ne suka laƙaba mata Aku, sunan ya bi ta. Maƙwabta kuma suna tsokanar uban cewa ya bar wani rediyo a ƙasa ta haɗiye. Takan shiga ƙarƙashin teburinsa ta riƙe sukundireba a baki tana karanta labaran duniya, tana sanar da cewa an kama kyanwar mai shayi da laifin sata, za a yanke mata hukunci gobe. Shi kuwa baki har kunne, yana like yana dariya.

Tana da shekara biyar da 'yan watanni abin ya fara, kuma ya fara ne a hankali, yadda ba wanda zai iya nuna ranar. A ce mata ɗauko almakashi, ta tsaya tana kallon mutum. A maimaita, ta ce, "Me?" A sake maimaitawa, ta je ta ɗauko tsintsiya. Wata rana ta tashi garau, ta yi ta zuba kamar da. Kashegari kuma ko sunanta aka kira sai ta waiga tana neman inda ƙarar ta fito. Sannu a hankali nata maganganun ma suka fara gajarcewa. Labaran duniya suka tsaya. Ta koma nuna abu da yatsa.

Uwar ce ta fara tsorata. Ta ce masa kunnen yarinyar nan ba lafiya ba, su kai ta asibiti a duba. Ya ce asibitin me, ga shi zaune? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan sauti ne za a koya wa abin da ke ji da wanda ba ya ji?

Da yammacin ranar ya dawo gida da batir da wayoyinsa da wata 'yar sifika da ba ta kai murfin kwalba ba. Aku na zaune a ƙasa tana jera maɓallai, ta ba shi baya. Ya laɓe a bakin ƙofa ya taɓa wayar. Ƙarar ba ta fi ta ƙyasta ashana ba, amma nan take ta waiwayo. Ya jira ta koma wasanta, ya saki noti ɗaya a kan siminti. Ta sake waiwayowa, har ta bi notin da ido inda ya gangara. Sai ya zagayo gabanta ya ce ta miƙo masa jan maɓalli. Ta dube shi, ta dubi bakinsa, ba ta motsa ba.

Ya juya wurin matarsa da fuskar wanda ya gama aiki. Ya ce kin gani da idonki, yarinyar da ke jin faɗuwar noti daga bakin ƙofa ba kurma ba ce. Kunnen ƙashi ne kawai, kuma su suka ɓata ta da shagwaɓa, don ta ga ita kaɗai ce. Ta gano in ta nuna da yatsa ana rawar jiki a ba ta, to me zai sa ta wahalar da bakinta? A wurin ya kafa doka: daga yau ba wanda zai ƙara ba Aku abin da ta nuna, sai ta faɗi sunansa da bakinta.

Ba mugu ba ne, kada a ɗauka haka. Ya yi imani har cikin ransa cewa gyara yake yi. Amma dokar nan wata goma sha ɗaya ta yi tana aiki a gidan, kuma duk ranar da maganar yarinyar ta ɗan dawo, kamar yadda takan yi lokaci zuwa lokaci, sai ya ce ai ga shi nan, in ta ga dama tana yi.

A cikin watannin nan akwai rana ɗaya da ta fi zauna masa. Rana ce mai zafi, ya dawo cin abincin rana, Aku ta shigo daga wasa a tsakar bene, gumi ya jiƙa mata wuyan riga. Ta nufi kofin ruwa a kan tebur. Ya riga ta ɗauka, ya ɗaga shi sama.

"Ki ce ruwa," in ji shi.

Ta miƙa hannu tana ɗage.

"Ba hannu ba. Baki. Ki ce ruwa."

Ta zuba wa bakinsa ido kamar mai son ta shiga ciki ta gani. Leɓunanta suna motsi, ba abin da ya fito. Ya maimaita, ya ɗaga murya, ya rarraba kalmar gida biyu. Keken ɗinki ya tsaya a bakin taga. Matarsa ta ce, "Baban Aku, ƙishi take ji." Ya ce in ta sa baki yau, to ita za ta ɗauki alhakin yarinyar ta girma bebiya da gangan. Ba ta tashi daga kan keken ba. Abincinsa ya huce a kwano, kofin na hannunsa, yarinyar na kuka har muryarta ta dushe. Can da aka daɗe wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, wani abu mai kama da "wa". Ya miƙa mata kofin, ya shafa kanta, ya koma shago yana jin ya ci nasara. Har ya ba mai gyaran takalmin da ke kusa da shi labari, yana cewa yara sai da tsayuwar daka.

Daga nan yarinyar ta canza hali. Ta fara jifa da abubuwa, ta ciji 'yar maƙwabta, ta daina zuwa shago. In ta ji takunsa a matakala sai ta shige bayan keken uwarta. Shi kuwa duk ya haɗa ya zuba a buhun taurin kai.

Abin da ya karya dokar ya zo ne da rana tsaka. Aku na barci a kan tabarma kusa da ƙafar uwarta, sai uwar ta ga gefen bakinta na hagu yana fizga, yawu na zuba, idanunta a buɗe amma ba ta cikinsu. Minti biyu ko uku abin ya yi. Wannan karon matar ba ta nemi izinin kowa ba. Ta saɓa ta a kafaɗa ta tare mota, ta aika a gaya masa ya same su a asibiti.

An fara da awon kunne. Aka sa wa yarinyar abin ji a kai, aka yi ta kunna ƙananan sautuka, daga ƙarshe ma'aikacin ya ce kunnuwanta biyu ba abin da ya same su. Mai Rediyo ya waiga ya dubi matarsa. Wannan kallon, na "ai na faɗa miki", yana cikin abubuwan da har yau in ya tuna yake jin kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai aka tura su wurin likitar ƙwaƙwalwar yara, wata mace mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Ta sa aka manna wa Aku wayoyi fiye da ashirin a fatar kai, aka ce sai ta yi barci za a ga abin da ake nema. Suka zauna a ɗaki mai labule, uwar na jijjiga ta har ta lumshe ido. Mai Rediyo yana kallon allon na'urar. Bai san karatun abin ba, amma ya san layin da ke tafiya daidai, ya kuma san wanda ya haukace. Barci na ɗaukar yarinyar, layukan suka fara tsalle ba tsayawa.

Likitar ta zaunar da su ta yi musu bayani da sauƙi. Ta ce wani nau'in farfaɗiya ne da ba kasafai ake ganinsa ba, yana kama yara masu irin shekarunta bayan sun riga sun iya magana. Yawancinsa ba a gani a jiki, a cikin barci yake ɓarnarsa, kuma inda yake taɓawa shi ne wurin da ƙwaƙwalwa ke mayar da sauti ya zama magana. Kunne yana ji sarai. Ƙarar ƙofa, kukan jariri, muryar uba, duk suna shiga. Amma kalmomin ba sa isa da ma'anarsu, sai su zame mata hayaniya kawai. Yaron da ya daina gane magana kuwa, tasa ma takan zube.

Sannan ta ɗauki biro ta tambayi yaushe suka fara lura. Matarsa ce ta amsa, ba tare da ta dube shi ba, ta ce wata goma sha ɗaya.

Likitar ta rubuta. Shi ne ya kasa haƙuri.

"Likita, da mun kawo ta tun farko fa?"

Ta cire tabarau ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam. Mun fi son mu fara magani da wuri. Amma akwai waɗanda aka kawo da wuri ba su warke duka ba, akwai waɗanda aka makara kuma suka samu sauƙi. Ba wanda zai iya rantse maka a kan 'yarka."

Da ta ce masa laifinsa ne, da ya fi masa sauƙi, ya san abin da ya ɗauka. A motar komawa gida abin da ya yi ta cin ransa shi ne aikinsa da kansa. Kowane mai gyara ya san in sifika ta ce ƙwas, sifikar kaɗai ka wanke. Ba ka ce rediyo lafiya yake ba, sai ka bi waya ka shiga ciki. Shi bai taɓa mayar wa mai kaya da mataccen rediyo ya ce ai sifikarsa na aiki, ƙin magana kawai yake yi ba. Abin da bai taɓa yi wa kayan mutane ba shi ya yi wa 'yar cikinsa.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne, kuma ya ɗauke su ba ƙorafi, har kamar yana neman a ƙara masa. Maganin farko bai karɓe ta ba. Na biyu ya kumbura mata fuska har masu kawo ɗinki suka daina gane ta. Duk Talata da Alhamis yakan rufe shago ya kai ta wurin mai koyar da magana, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, ya zauna a benci a waje yana jin ana nuna mata hoton kaza ana cewa kaza. Ya yanka kwalayen batir ya zana mata cokali da takalmi da ƙofa, zanen da ita kanta sai da ta yi masa dariya, don takalmin nasa ya fi kama da kifi. Ya koyi rage murya, ya koyi yin magana gajeriya. A shago ma mutane suka ga canji. Mutumin da ba a gaya masa komai ya koma tambayar mai kaya, yaushe ya fara, me ka lura da shi? Wani lokaci har ya ce kai wa wane ya sake dubawa, ƙila akwai abin da ban gani ba.

Matarsa ba ta taɓa yi masa gori ba. Ya yi ta jira, shekara da shekaru, ta ce ai na faɗa maka. Wata safiya da ya gaji da jiran, ya tsaya a bayanta tana ɗinki ya ce ta faɗi abin da ke ranta, ya cancanta. Ba ta tsayar da keken ba. Ta ce ba ta da bakin yi masa gori, domin ita tana ɗakin ranar kofin ruwa, ƙafafunta biyu lafiya, kuma ba ta tashi ba. Ta ce kowa ya riƙe nasa. Ba su sake tayar da maganar ba.

Zamani ya juya, rediyo ya ja baya, ya koma gyaran fanka da dutsen guga da fitilun caji, sunan dai bai bar shi ba. Maganar Aku ta fara dawowa tana shekara tara, kalma ɗaya yau, biyu wata mai zuwa, wani lokaci a ci gaba a koma baya. Farfaɗiyar ta bar ta tana sha huɗu, kamar yadda likitar ta ce takan yi. Amma Akun da ke karanta labarai a ƙarƙashin tebur ba ta dawo ba. Wadda ta dawo budurwa ce mai maganar ƙwaya ƙwaya, mai tsayawa a tsakiyar zance tana laluben kalma, wadda in mutum biyu suka yi magana a tare sai ta ɓace. Hannunta kuwa ya fi na uwarta a yankan yadi.

Ga gaskiyar da bai taɓa gaya wa kowa ba. Yana roƙon Allah dare da rana bakin 'yarsa ya buɗe, kuma yana tsoron ranar da zai buɗe. Kowace kalma ta ƙaru, sai ya yi murna, sai kuma gabansa ya faɗi, don ya san wata rana za su ishe ta ta tambaye shi. Ya sha shirya yadda zai fara ba ta haƙuri. Sai ya ce bari ta ƙara girma, bari ta ƙara gane magana, kada ya tayar mata da abin da ya kwanta. Ƙarshe ya lallashi kansa da cewa shekararta biyar lokacin, wa ke tuna abin da ya faru yana shekara biyar? Ga shi tana gaishe shi, tana wanke masa riga, tana dariya in ya yi abin dariya. Ya ce ta manta, ya kuma ji daɗin hakan, ya kuma ji kunyar jin daɗin.

Tana da shekara goma sha bakwai, wata ranar Laraba, ta kawo masa abinci shago. An ɗauke wuta, an kuma rufe titin saboda gyaran kwalbati, don haka ba mota, ba ƙarar injin kowa. Irin wannan shirun ne take iya zance a cikinsa. Maimakon ta aje kwanon ta juya kamar kullum, sai ta jawo wani tsohon akwatin talabijin ta zauna. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Baba. Ina da tambaya. Ta daɗe."

Ya aje cokali.

"Lokacin nan. Ina ƙarama. Kullum fuskarka..." Ta tsaya neman kalmar, ta haɗe gira da yatsunta ta nuna masa. "Fushi. Kullum. Bakinka yana yi, yana yi, ban san me kake cewa ba. Na ce, na yi laifi. Babba." Ta numfasa. "Na yi ta tunani. Ko na fasa maka wani abu. Ko na ɓatar. Na duba, na duba, ban tuna ba. Baba, me na yi?"

Duk shekarun nan abin da ya shirya wa shi ne zargi. Ya ɗauka in ta tuna, za ta tuna abin da ya yi mata. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa yarinyar tana can tana bincikar kanta, shekara goma sha biyu, tana neman laifin da za ta ba shi haƙuri a kai.

Ya sunkuyar da kai ya yi magana, kalmomin na hawa kan juna. Ta taɓa masa gwiwa.

"Ban gane ba. A hankali."

Dole ya ɗago ya dube ta. Ya faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, yadda za ta iya ɗauka.

"Ba ki yi komai ba. Ba ki da lafiya ne. Mamanki ta ce mu je asibiti. Ni na hana. Na ce taurin kai ne. Laifina ne, ba naki ba. Ki yafe mini."

Ta bi bakinsa da ido har ya gama. Ta maimaita a hankali, kamar mai gwada ko takalmi ya yi mata daidai, "Ban yi komai ba." Ya gyaɗa kai, hawaye na sauka cikin gemunsa, bai share ba.

Ta daɗe zaune tana kallon titin da ba kowa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi fushi ba, wanda da ta yi da ya samu abin riƙewa. Can ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta tura masa kwanon gabansa don kada abincin ya huce.

"Na yafe, Baba," in ji ta. "Amma da ka faɗa mini tuntuni. Na gaji da nema."